Ƙusa a Birkin Motar Kawu

Motar kawuna ba ta da birki, mutum take da shi. Duk wanda ya zauna a unguwar Nassarawo ta Mubi a shekarun da muke jihar Gongola ya san haka, kuma ban taɓa jin wanda abin ya hana barci ba. Tsohuwar babbar mota ce mai bodin katako, sitiyarinta a dama, tun zamanin da ake tuƙi ta hannun hagu. Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai ita, shi ne kuma direbanta. Ranar kasuwa yakan hau da ita Muchalla da sassafe, ya loda dawa da gyaɗa da awaki da masu su, ya gangaro Mubi. In ya zo wurin tsayawa, ko mota ta gaza a hawa ta fara ja da baya, sai ya leƙo ta taga ya daka tsawa, "Waigi!" Nan take wani tsoho zai diro daga baya rungume da ƙaton guntun icce da aka sassaƙe da gangare, ya bi motar da gudu, ya cusa shi ƙarƙashin taya. Mota ta yi nishi ta tsaya, fasinja su ci gaba da hirarsu.

Baba muke ce wa tsohon, duk unguwa. Mutumin Muchalla ne, amma ba shi da kowa a can kuma. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba, gonar kuwa 'ya'yan 'yan'uwa sun raba tun yana raye yana kallo. A gidan kawu ake fito masa da tuwo, a cikin bodin motar yake kwana. Ba zan yi ƙarya in ce mutum ne mai daɗin zama ba. Ga faɗa, ga garin taba a leɓe kullum, yana tofar da baƙin yawu duk inda ya ga dama, har kusa da ƙafar mai gaishe shi. Wata damina waigi ya zame a laka, taya ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu, ta bar masa rabin tafi. Ya yi jinya, ya naɗe abin da ya rage da tsumma, ya cusa cikin takalmin roba, ya koma bayan mota. Tun daga nan da ƙafar dama yake dira, ita kaɗai ta rage masa mai lafiya.

Ni a lokacin bakanike ne a garejin gwamnati a Yola, na zo gida hutu da niyyar in yi barci in ci tuwon Mama. Ko jakata ban gama kwancewa ba ta tsaya a bakin ƙofa.

"Gobe ka je ka duba motan kawunka."

"Mama, hutu fa na zo."

"Ka huta a ƙarƙashin mota. Ranan kasuwa a gabana tsohon nan ya dira ya faɗi, taya ya wuce kusa da ƙafansa kaman haka." Ta haɗa yatsu biyu ta bar ɗan tsakani. "Na ga na farko da idona. Ba zan ga na biyu ba ina da ɗa mai gyaran mota."

Mahaifiyata ba ta maimaita magana, don haka da gari ya waye na ɗauki akwatin kayan aikina.

Kawu ya tarbe ni da ihu kamar yadda ya saba. "Injiniya! Manyan Yola!" Da na ce masa birki na zo dubawa sai ya yi mamaki, mamaki na gaske. "Birki? Ai birki yana nan. Ɗan sanyi ne kawai ya yi." Ya yarda in taɓa motar bisa sharaɗi biyu, kada ya rasa kasuwa fiye da ɗaya, kuma kada in tura shi neman kayan gyara. Muka tura ta ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, na ɗaga ta da jak na ɗora kan kututture. Baba ya jawo waiginsa ya zauna a kai yana kallona, bai ko amsa gaisuwata da kyau ba.

Na fara da tukunyar man birki. Murfinta ya ɓata tun ban san yaushe ba, an toshe bakin da totuwar masara naɗe da tsumma. Ina zare totuwar wari ya buge ni har na ja da baya na buga ƙeya a ƙofar mota. Na yi aiki a kan motocin kwasar shara, na yi a kan motar ɗaukar nama, ban taɓa jin irinsa ba. Abin da ke ciki ba mai ba ne. Wani abu ne mai kauri, ruwan toka da ratsin rawaya, kamar kunun da ya kwana uku a rana, yana yauƙi in ka ɗaga. Na kwance saman tukunyar na sa hannu ina kwashewa, na tambayi kawu me yake zubawa.

Ya gyara tsayuwa ya shiga lissafa min da fara'a. Ruwan sabulu, wannan shi ne na kullum, ai kowa shi yake sawa tun da man birki ya yi wuya. Man gyaɗa in sabulun ya ƙi riƙewa. Manja sau ɗaya, bai yi kyau ba. Baƙin mai in an juye daga inji, don kada a zubar a banza.

"Wata rana kuma da rani, mai ya tsiyaye a hanya, mayo, wato rafi, ya bushe ƙaf, ba ruwa ko na sha." Ya dube ni yana danne dariya. "To, maza ne cike da mota. Aka yi fitsari aka ba ni a gwangwani, na zuba. Ya kawo mu gida lafiya lau."

Hannuna na cikin abin har wuyan hannu lokacin da ya faɗi haka. Na zaga bayan katanga na amayar da kokon da na sha. Na wanke hannun da kananzir, na wanke da toka, na wanke da sabulu, amma duk hutun nan da cokali na ci tuwon Mama, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Da na cire tayoyi na buɗe gangunan birki, sai na ga ashe tukunyar nan gaisuwa ce kawai. A ƙafar baya ta hagu babu takalman birki sam, an cire su. Ɓera ya yi sheƙa a gurbinsu da auduga da ɓawon gyaɗa, shi kansa yana ciki a bushe, ya manne da ƙarfe sai da na kankare shi da wuƙa. A ta dama fatar birkin ta cinye har ƙarfe yana cin ƙarfe, wani gwani kuma ya yanko tsohuwar taya ya ɗaure a kai da waya. Zanzaro ya gina ɗakunansa a duk ramin da ya samu. Robobin da ke riƙe mai sun kumbura sun yi laushi, in ka matsa sai su narke maka a yatsa. Wannan duka ƙazanta ce, kuma ƙazanta ana wanke ta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙusoshin. Kowace ƙafa akwai siririn bututu da ke kai mata mai. In robar ƙafar ta fara yoyo, gyaran shi ne a canza robar. Kawu ba ya canzawa. Sai ya kwance notin bututun, ya zura ƙusa a baki yadda kanta zai toshe hanya, ya mayar da noti ya ɗaure. Yoyo ya tsaya, ƙafar kuma ta mutu, ba za ta sake kama birki ba. Na kwance na baya na hagu, ƙusa. Na baya na dama, ƙusa. Na gaba na hagu, ƙusa. Motar da ke gangarowa daga dutse da mutane da dabbobinsu, ƙafa ɗaya ce tak a cikinta mai rai, ita ma da ruwan sabulu.

Na jera ƙusoshin a tafin hannuna na nuna masa. Ko a jikinsa. Har gane su yake yi, yana ɗaga kowace yana tuna shekararta. Na nuna na bayan na ce, "Kawu, waɗannan kafin ƙafar Baba ka sa su ko bayan?"

"Kafin mana," in ji shi. "Ai da suna kamawa da bai dira ba ranan." Ya faɗe ta kamar mai ba da labarin ruwan sama, ya ɓare goro ya jefa a baki. Mai ƙafar yana zaune a gefe yana jinmu, ya tofar da yawu ya kau da kai. Kawu ɗan'uwan mahaifiyata ne, ba ni da bakin zaginsa, sai na koma ƙarƙashin mota na huce a kan wani noti da ya yi tsatsa.

Neman kaya ya fi aikin wahala. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, shagunan kayan mota sun koma kantoci da ƙura da masu shago suna gyangyaɗi. In na ambaci irin motar sai a yi min dariya, a ce kakanta ma ya mutu. A bayan kasuwar shanu na samu gawar wata irinta, kaji na kwana a ciki, na ciro takalman birki da bututu masu ɗan dama. Robobi da man birki na gaske kuwa sai wurin wani mai shigo da kaya daga Kamaru ta hanyar daji, ya fito min da su daga ƙarƙashin gado yana waige-waige. Na wanke kowane bututu, na hura, na goge cikin kowane gida da takardar yashi har ya yi sulɓi, na buga sabuwar fata a kan takalma. Kwana da kwanaki ina kwance a ƙasa, tsatsa na zubo min a ido, Baba na zaune a kan waiginsa bai taɓa miƙo min ko sifana ba.

Aikin ƙarshe shi ne fitar da iska daga bututu, kuma mutum ɗaya ba ya yinsa. Dole wani ya zauna a ciki yana taka birki, kai kana ƙasa kana buɗewa kana rufewa. Kawu ya tafi zaman makoki a wata unguwa. Na ce, "Baba, don Allah hau ka taka min."

"Ni ban san na ciki ba," ya ce. "Na waje na sani."

Mama ce ta zo kawo min abinci ta ji. Ta ajiye kwano, ta ɗaure zani, ta kama ƙofa ta hau, macen da ba ta taɓa zama a gaban mota ba. Ƙafarta ba ta kai, sai da aka sa mata buhu a baya. Ina ƙasa ina kira, "Taka, Mama. Taka. Riƙe!" tana amsawa, "Na riƙe!" kamar mai riƙe da saniya. Kumfa ta yi ta fita, baƙi-baƙi ya yi ta fita, har mai ya fara zubowa garau. Can ta ce, "Kai, abin ya yi tauri, ya ƙi tafiya." A duk kwanakin nan ranar ce kaɗai na yi dariya.

Ranar kasuwa na zauna a gaba kusa da kawu. A dawowa, bayan an haye wani mayo, akwai hawan da motar ta saba gazawa. Ta gaza kuwa, ta mutu a tsakiya da cikakken lodi. Kawu ya taka birki, ya buɗe baki zai yi tsawarsa, sai ya ji mota ta tsaya cak. Ya rufe bakin. Amma Baba ya riga ya dira. Ta madubi na gan shi yana ɗingishi da sauri, waigi a ƙirji, ya iso wurin taya ya tarar ba ta motsi. Ya tsaya. Sannan ya sunkuya a hankali ya sa waigin duk da haka, ya daddanna shi da ƙafa. Matan da ke bisa buhuna suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Baba, ka huta, an yi maka ritaya!"

Ni daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Ƙafar ta tsira, abin da aka aiko ni yi ke nan. Da muka iso Mubi ana sauke kaya, kawu ya zagayo baya yana duba wurin da tsohon ke zama, ya auna da hannu, ya ce a gaban kowa, "Kai, wurin nan zai ɗauki buhu biyu fa." Aka yi dariya. Daga ranar kwanon tuwon Baba ya fara fitowa a makare, wani lokaci sai an tuna. Mama ta lura kafin kowa, ta je ta same shi ta ce ya riƙa zuwa gidanmu yana ci. Ya ce mata ya gode, amma shi bai taɓa cin tuwon da bai yi aikinsa ba, kuma ba zai fara da furfura ba.

Ana gobe zan koma Yola na je in ƙara ɗaure birkin, don sabuwar fata takan zauna bayan an yi tafiya da ita. Na ɗaga baya, na ce kawu ya taka. Na kama taya na juya, ta juya. Na ce ya taka da ƙarfi. Ya ce ai yana tsaye a kai. Na koma ɗaya tayar, ita ma tana juyawa kamar ba a taɓa komai ba. Na shiga ƙasa na bi bututu har inda ya rabu biyu zuwa ƙafafun baya, na kwance notin. Ƙusa ce a ciki, sabuwa fil tana ƙyalli, an goge kanta a dutse ya yi daidai da bakin.

Na fito da ita a hannu. Na miƙa wa kawu ita a fuska, na manta da kawu ne.

"A'a, injiniya, ba ni ba ne," ya ce, yana ɗaga hannu. "Ni dai dattijo ya ce in ba shi ƙusa ɗaya da sifana, na ba shi."

"Ka san abin da zai yi da ita?"

"To, shi ba kafinta ba ne." Ya yi murmushi. "Zan hana babba ƙusa? Kuma ka ga, fatan baya zai daɗe bai cinye ba."

Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji ta kawuna a wannan lokaci ba. Abin da na kwashe daga tukunya da hannuna ya fi min shi tsabta.

Baba na bayan mota yana sake ɗaure mariƙin waiginsa da igiyar roba. Bai jira na tambaya ba.

"Ɗana, aikinka yana da kyau. Ba wanda ya ce ba kyau. Na gaba na bar maka, ban taɓa ba."

"Baba, ƙafarka fa. Saboda ita na yi duk wannan."

"Ƙafana ne." Ya ja igiyar da haƙori. "Kai gobe kana Yola. Motan da yake tsayawa da kansa, wa zai fito min da tuwo a kansa?"

Na koma ƙarƙashin mota na mayar da noti. Na kira Mama ta sake hawa, muka sake fitar da iska, wannan karon babu mai dariya. Da muka gama na sa ƙusar a aljihu a gaban Baba, don ya gani. Ya tofar da yawu ya ce, "Ka tafi da shi. Kawunka yana da gwangwani cike."

Mama ta shiga gidan ƙanenta, ana jin muryarta har titi. Abu ɗaya ta nema, ya fito ya ce wa tsohon, ko mota na tsayawa ko ba ta tsayawa, tuwonka da wurin kwananka suna nan. Kawu ya yi ta rantsuwa cewa shi bai kori kowa ba, a tambayi duk unguwa in an ji ya kore shi. Gaskiya ya faɗa, bai kore shi ba. Amma maganar da ta nema bai faɗe ta ba, har ta gaji ta fito. Da safe ina hanyar tasha motar ta wuce ni, Baba na zaune a baya da waigi a cinya, ƙafar dama na lilo a waje.

Damina ta gaba ina ƙarƙashin wata motar a garejinmu na Yola aka ce ana sallama da ni. Wani direba ne ɗan unguwarmu da ke jigila tsakanin Mubi da Yola. Ya ce saƙo biyu aka ba shi. Na Mama shi ne, a wannan hawan na bayan mayo, cikin ruwan sama, waigi ya zame. Likita ya yanke wa Baba ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. An sallamo shi, yana zauren gidanmu, in an kai masa tuwo sai ya juya fuska bango sannan yake ci.

"Kawunka kuma ya ce in gaishe ka da kyau," in ji direban. "Ya ce tun da ba mai waigi, a satin ya shiga ƙasa ya cire ƙusan da tsohon ya sake sawa. Wai birki yana kamawa kaman sabo, ko'ina ya taka sai ya tsaya. Ya ce Allah ya yi wa hannunka albarka."

Ya tsaya yana jiran in ce amin. Har ya gaji ya tafi ban ce ba.